Me Ya Sa Ake Ta Sake Lalen Labarin Superman Alhali Masoya Suna Ƙorafi?

Tambaya: Assalamu alaikum, Malam. Ni ta finafinai na san Superman da Batman, amma da na fara bibiyar mujallun zane da aka ɗauko labaransu daga ciki, sai na tarar kamfanin DC ya sha soke tarihin jarumansa ya faro daga lamba ta 1, kuma duk sa'ad da ya yi haka sai tsofaffin masu karatu su yi masa ca. In har masu saye ba sa so, me ke sa kamfanin yake maimaitawa? Na kuma ji ana cewa masu shagunan sayar da mujallun ne suke kwana a ciki, shin haka abin yake?

Amsa: Wa alaikumus salam. Amsar tambayarka ta farko tana cikin ta biyu, domin a kasuwar mujallun zane ta Amurka ba mai karatu ne yake sayen kaya daga hannun kamfani ba, mai shago ne, kuma lissafin mai shago daban yake da abin da ke zuciyar mai karatu.

A da, ana sayar da waɗannan mujallu ne a teburin masu jarida da kantunan unguwa, bisa sharaɗin cewa duk abin da ya yi kwantai za a mayar wa kamfani. A farkon shekarun 1970 wani malamin makaranta a birnin New York mai suna Phil Seuling ya kawo wani tsari dabam: kamfani ya yi wa shagunan da suka keɓanta da mujallun zane rangwame mai tsoka, su kuma su saya saye na har abada, ba mayarwa. Sannu a hankali wannan tsari ya mamaye kasuwar. Ya rufa wa kamfanonin asiri, tunda asarar kwantai ta koma wuyan mai shago, amma ya zo da wata illa da ba a hango ba. Yaron da a da yake cin karo da Batman idan an aike shi kanti ya daina ganinsa, sai wanda ya riga ya kamu da son abin ne yake takawa har shagon musamman. Masu karatu suka riƙa tsufa tare da jarumansu, labaran suka ƙara sarƙewa, har ta kai baƙo ba ya iya fahimtar fitowar wannan wata sai ya san abin da ya faru shekara ashirin baya.

A irin wannan shago, ranar Laraba ce ranar sabon kaya. Bayan kanta akwai akwatuna ko jakunkunan takarda, kowace da sunan wani ɗan ciniki, inda mai shago yake ajiye masa mujallun da ya yi rajistar karɓa duk wata. Da waɗannan sunaye yake auna odar da zai yi, kuma yakan fara yin odar tun kimanin wata biyu kafin kaya su fito. Ya san cewa mujalla tana raguwar masu saye kaɗan-kaɗan daga fitowa zuwa fitowa, ya kuma san cewa duk bangon da aka rubuta wa lamba ta 1 yana jawo har waɗanda ba su saba saye ba. Kamfani ma ya san haka sarai. Sake lale dai ita ce hanya mafi sauri ta sa dubban masu shago su ninka oda a lokaci guda.

DC ya fara gwada abin gadan-gadan a 1985 zuwa 1986 da labarin Crisis on Infinite Earths na Marv Wolfman da George Pérez, inda aka dunƙule duniyoyi barkatai zuwa ɗaya, aka kashe Supergirl da Flash na wancan zamani. Amma wanda ya fi tayar da ƙura shi ne na 2011, wanda aka laƙaba wa suna New 52. Ranar 31 ga Agusta na shekarar aka fitar da Justice League lamba ta 1, aikin Geoff Johns da Jim Lee, sannan cikin watan Satumba sauran suka biyo baya har suka cika 52, kowace daga lamba ta 1. Hatta Action Comics, wadda Superman ya fara bayyana a cikinta a 1938 kuma ta kai lamba ta 904, ba ta tsira ba. Haka ma Detective Comics da ta tsaya a 881.

Fushin masoya kuwa ba na son zuciya ba ne kawai, ko da yake an yi ta hayaniya a kan abubuwa ƙanana, kamar cire jan kamfan da Superman yake ɗorawa a kan wandonsa. An goge aurensa da Lois Lane, wanda aka ɗaura tun 1996, kamar ba a taɓa yi ba. Wally West, wanda ya riƙe sunan Flash fiye da shekara ashirin, aka neme shi sama ko ƙasa aka rasa. Wanda ya fi taɓa ni shi ne batun Barbara Gordon, jarumar da a da ake kira Batgirl. A wani labari na 1988 Joker, babban abokin gabar Batman, ya harbe ta, ƙafafunta suka shanye, daga baya marubuta suka sake gina ta da sunan Oracle, gwanar kwamfuta wadda manyan jarumai suke dogaro da basirarta tana zaune a keken guragu. Nakasassu da dama daga cikin masu karatu sun ɗauke ta tasu, don da wuya su ga irinsu a wannan matsayi. A 2011 aka miƙar da ita tsaye aka mayar da ita Batgirl, kuma duk da cewa Gail Simone, wadda ta daɗe tana rubuta Oracle, ita aka ba aikin, hakan bai share musu hawaye ba. A babban taron masoya mujallun zane na birnin San Diego a watan Yulin shekarar ma, wata mata sanye da kayan Batgirl ta tsare shugabannin kamfanin da tambayar dalilin da ya sa mata suka yi ƙaranci ƙwarai cikin marubuta da masu zanen sababbin mujallun. Mutumin da ya shekara ashirin yana biyan kuɗi duk Laraba, in aka wayi gari aka ce masa duk abin da ya karanta bai faru ba, ba a ce ya yi rashin haƙuri don ya yi ƙorafi ba.

Sai dai ƙorafi bai hana ciniki ba. Justice League ta farko ta haura kwafi 200,000, aka yi ta sake bugu, kuma DC ya sha gaban babban abokin hamayyarsa, kamfanin Marvel, a kasuwa na wasu watanni. Da yawa daga cikin masu zagin sun saya don su ga ƙwaƙwaf. Hukuncin gaskiya yana zuwa ne daga baya, a cikin akwatunan nan na bayan kanta, lokacin da mutum zai ce wa mai shago a cire masa mujalla kaza daga rajistarsa. A Janairun 2012 aka sanar da soke guda shida bayan fitowa ta 8, wasu suka bi sahu. Zuwa Mayun 2016 kamfanin ya lashe amansa da shirin Rebirth: aka dawo da Wally West, Action Comics ta koma tsohon ƙidayarta daga 957, kuma da ta kai lamba ta 1000 a 2018 har jan kamfan ya dawo.

Game da masu shago, abin da ka ji yana da ƙamshin gaskiya, amma ba kowane lokaci ba. A 2011 sun ci riba, kuma DC ya sassauta ya amince a mayar masa da kwantan da yawa daga cikin sababbin mujallun. Wahalarsu ita ce caca: yin odar mujallu 52 da ba su da tarihin ciniki, da yin odar lamba ta 2 tun ba a ga yadda ta 1 ta karɓu ba. Ga kuma dabarar bango na musamman, inda sai mai shago ya sayi kwafi 25 ko fiye kafin a ba shi guda ɗaya mai bangon da masu tarawa suke rububi. Tsofaffin 'yan kasuwar ba su manta da farkon shekarun 1990 ba, lokacin da X-Men lamba ta 1 ta 1991 ta haura kwafi miliyan 8 kuma mutuwar Superman a 1992 ta jawo layi a ƙofar shaguna, mutane suna saye don ajiya da zaton za su yi arziki. Da guguwar ta lafa, dubban shaguna suka rufe, Marvel kansa ya shiga kotun karayar arziki a Disambar 1996.

Wani abin da ya tsorata su a 2011 shi ne shawarar DC ta sayar da kowace mujalla ta intanet a ranar da ta fito a takarda. Tsoron bai tabbata ba, saboda an bar farashin daidai da na takarda a farkon fitowa, kuma mai tarawa yana son abin da zai riƙe a hannu. Girgizar da ta fi wannan ta zo ne ta ɓangaren rarraba kaya. Tun 1997 kamfanin Diamond ne kusan shi kaɗai yake kai wa shaguna kaya, har annobar korona ta sa ya dakatar da jigila a Afrilun 2020. DC ya raba gari da shi a watan Yuni na shekarar, Marvel ya koma hannun kamfanin littattafai na Penguin Random House a 2021, kuma a Janairun 2025 Diamond ya nemi kariyar kotu saboda bashi. Mai shagon da a da yake cike takardar oda ɗaya, yanzu sai ya bi diloli da dama, kowanne da nasa rangwame da ranar rufe oda.

A 'yan shekarun nan kamfanonin biyu sun fi karkata ga buɗe sabon sashe a gefe maimakon rushe tsohon gida. Marvel ya farfaɗo da jerin Ultimate a 2024, DC kuma ya fito da Absolute Batman a Oktoban shekarar, inda Bruce Wayne, wato Batman, ya tashi ba dukiya ba gidan gado, alhali tsohon Batman yana nan yana ci gaba a tasa mujallar. Mai shago ya samu lamba ta 1 da zai sayar wa baƙo, ɗan cinikinsa na Laraba kuma ba a taɓa masa akwatinsa ba.