Filin Manoma: Wane injin kaftu ne ya dace da lambuna?

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Ina da lambu eka ɗaya da rabi a gefen Kura, ina noman rani, tumatir da albasa da ɗan karas. Rabin wurin ƙasar fadama ce mai laka, sauran kuma jigawa. Kuɗin 'yan ƙwadago masu kaftu ya fara fin ƙarfina, ga shi kafin layin tarakta ya zo kaina lokacin dashe ya ƙure. Na tara ɗan abin da na tara, ina so in sayi injin kaftu na hannu, wanda ake kira fawa tila. Mai shago ya nuna mini biyu: ƙarami mai shan fetur, ƙarfin doki 7, da babba mai shan gas, doki 12. Ya ce babban shi ne na maza. Wanne zan ɗauka?
Daga mai karatu, Kura, Jihar Kano.

AMSA: Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya sa albarka a wannan niyya. In dai don lambunka kaɗai za ka saya, ɗauki ƙaramin, amma da sharuɗɗan da zan faɗa maka.

Babban nan mai doki 12 ba shi da laifi, inji ne mai ƙarko, sai dai aikin da aka ƙera shi dominsa daban ne. Na gonar shinkafa ne da jan tirela, kuma in an ɗaura masa wuƙaƙensa nauyinsa yakan haura kilo 300. Ka duba lambunka: ga magudanar ruwa, ga fangali a jere, ga ƙurewar gona inda dole ka juya. Duk juyin da za ka yi sai ka rushe gefen magudana, kafin azahar kafaɗunka sun gaya maka. Ƙaramin kuwa yawanci tsakanin kilo 70 ne zuwa 100, mutum biyu za su ɗora shi a bayan Keke Napep. Inda babban zai yi maka rana shi ne in kana da niyyar yin haya, ka yi wa manoman shinkafa na Kura da Kadawa kaftu, sannan lokacin ɗiba ka ja kwandunan tumatir zuwa bakin titi. Wannan sana'a ce ta daban, tana buƙatar yaro mai tuƙi da lissafinta.

Abin da na fi so ka duba a jikin ƙaramin shi ne lambar da aka buga a gefen injin. In ka ga 168F ko 170F, to dangin injin Honda GX200 ne da kamfanonin Sin suke kwaikwaya, irin wanda yake jikin yawancin injinan ban ruwa da ƙananan janareto. Ma'ana, bakaniken da yake gyara maka injin ban ruwa ya riga ya san cikinsa, filogi da kafireta da igiyar tayarwa kuma ba sai ka yi odarsu daga Legas ba. Na sha ganin inji mai kyau, sabo fil, an lulluɓe shi da buhu a zaure har rani ya fita, don kawai wani ƙaramin ƙarfe ya karye an rasa irinsa a kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano. Saboda haka ranar saye ka tafi da bakanikenka. Kuɗin motarsa da na abincinsa ba asara ba ne.

Sai yadda ƙarfin injin yake isa ga wuƙaƙe. Akwai mai bel, akwai mai giya. Mai bel ya fi araha, a jigawa kuma ba ya ba da matsala, amma da ya shiga laka sai bel ya fara zamewa yana ƙauri. Tunda rabin gonarka laka ce, nemi mai giya, mai gudu biyu gaba da ribas ɗaya. Kada ka raina ribas. Ranar da injin ya nutse a gefen magudana za ka gode mini. Ka kuma leƙa matatar iska. Wadda take da ɗan kofi a ƙasa da ake zuba baƙin mai ta fi ta soso nesa ba kusa ba, domin aikinka a tsakiyar hunturu yake, ƙurar sama da ta kaftu duk cikin injin za su nufa.

Game da lakar nan, bari in tsaya kaɗan, don a nan ne mutane suke yanke wa ƙaramin inji hukuncin da bai cancanta ba. Busasshiyar lakar fadama ko babban injin tsalle zai riƙa yi a kanta. Ka sakar mata ruwa tukuna, ka bar ta ta tsane. Sannan ka ɗebi ƙasa daga zurfin ɗan yatsa ka dunƙule a tafinka. In ka danna da babban yatsa ta wargaje, lokaci ya yi. In ta manne tana sheƙi, ka ƙara haƙuri, don kaftun jiƙaƙƙiyar laka hoge yake haifarwa, masu taurin da ko fartanya sai ta sha wuya. Zagayen farko ka bi sama-sama, na biyu ka sauke ƙarfen baya da yake riƙe zurfi. A jigawa kuwa sau ɗaya ya isa. In ka maimaita har ƙasa ta zama gari, ruwan farko zai daskarar da samanta, irin karas ya kasa fasowa.

Akwai abubuwa biyu da mai shago ba zai gaya maka ba. Injin nan zurfinsa bai cika wuce santimita 15 ba, kuma in kana bin zurfi ɗaya kowace shekara ƙasan wurin yakan danƙare, ruwa ya daina sauka, karas ya fito a lanƙwashe. Don haka lokaci-lokaci ka sa garmar shanu ko ta tarakta ta fasa ƙasan. Na biyu, in akwai jiji ko kiri-kiri a gonar, wuƙaƙen za su daddatsa saiwar su watsa ta ko'ina, kowane guntu ya tsiro. Ka tsince su kafin ka shiga da inji.

Wajen ciniki, ka nemi a haɗa maka da garmar yin kunya da ƙafafun ƙarfe, ka kuma tabbatar ana iya cire wuƙaƙen gefe a rage faɗi don bi tsakanin layukan tumatir. Gefen fangalin albasa dai har yanzu aikin hannu ne, kada ka sallami 'yan ƙwadagonka duka. In akwai maƙwabci mai irin injin, ka biya shi ya yi maka kaftun yini guda a ɓangaren lakar kafin ka fitar da kuɗinka, gani ya kori ji.

Ranar da ka kawo shi gida, kada ka ja igiya sai ka duba mai a wuri biyu, injin da akwatin giya, domin da yawa a bushe suke zuwa daga kamfani. Bayan awa 20 na farko ka juye baƙin man ka zuba sabo. Kuma don Allah, Malam, kada kai ko yaronka ku bi bayansa da doguwar riga ko silifas, in ciyawa ta naɗe wuƙaƙe kuma a kashe injin kafin a sa hannu.