Tambayoyin Masu Karatu: Tunku, Dafin Maciji da Gadon Uwa

Tambaya: Malam, an gaya mana a aji cewa masana suna karanta DNA na mitokondiriyar ƙananan namun daji irin su tunku. Shin a cikinsa ne ake samun dalilin da ya sa tunku yake jure dafin maciji? Daga wata ɗaliba, Anguwar Rogo, Jos.

Amsa: A'a, 'yata, ba a nan dalilin yake ba. Mitokondiriya wasu ƙananan sassa ne a cikin tantanin jiki waɗanda suke mayar da abinci ya zama kuzari, kuma suna da nasu DNA, wato sinadarin da yake ɗauke da bayanan gado, daban da wanda yake cibiyar tantanin. Wannan DNA ɗan ƙarami ne mai siffar zobe, tsawonsa a dabbobi masu shayarwa wajen haruffa (wato ƙananan tubalan da suka jeru suka zama DNA) 16,000 zuwa 17,000. Na ɗan Adam, wanda aka kammala karantawa a Kambirij ta Ingila a 1981, haruffa 16,569 ne. Ƙwayoyin gado 37 kawai yake ɗauke da su, 13 daga ciki suna samar da furotin ɗin aikin kuzari, sauran 24 kuma suna taya su haɗa shi.

Juriyar tunku kuwa daga DNA na cibiya ta fito. Dafin gamsheƙa yana manne wa wani gurbi da jijiya take isar wa tsoka da saƙo, sai jiki ya shanye, numfashi ya tsaya. A jikin tunku siffar gurbin ta ɗan sauya, don haka dafin ba ya kama shi da kyau, ga shi kuma da zafin nama da kaurin gashi.

Amfanin DNA na mitokondiriya shi ne bin sawun dangantaka. Daga uwa kaɗai ake gadonsa, kuma da yake kowane tantani yana da kwafinsa masu yawa, ɗan gashin da ya maƙale a ƙaya ko busasshen kashi a kan duwatsun Shere na iya wadatar da mai bincike ya gane dabbar ba tare da ya ɗana mata tarko ba. Irin wannan bincike ya ƙarfafa hujjar cewa tunku da jibda da kura duk dangin kyanwa ne, ko da yake a ido kura ta fi kama da kare. Wani nazari na 2003, wanda ya haɗa DNA na mitokondiriya da na cibiya, ya nuna cewa dabbobi masu cin nama na tsibirin Madagaska tushensu ɗaya ne daga Afirka, kuma tunku ne danginsu mafi kusa.

A ganina, a nan ɗalibai suka fi yin gaggawar yanke hukunci, domin tarihin ɓangaren uwa kaɗai wannan DNA yake bayarwa. Idan jinsi biyu sun taɓa barbarar juna a can baya, zai iya nuna dangantakar da ba haka take ba, shi ya sa masana suke gwada sakamakonsa da na cibiya kafin su ce sun gano sabon jinsi.