Me ya sa fitsari ke yin ja idan an wuni a rana?

Ɗan'uwa, ka ce in ka wuni kana dako a kasuwar Kejetia ta Kumasi fitsarinka yakan koma ja kamar shayi, kana tsoron ko ƙoda ce ta lalace. Galibi ƙarancin ruwa ne kawai.

Ƙoda biyu gare ka, a bayanka ƙasan haƙarƙari, kowace kamar girman dunƙulen hannu, cikinta da ƴan matatai wajen miliyan ɗaya. Ruwan da suke tacewa daga jini a yini ya kai lita 180, amma kusan duka suke mayarwa jiki, abin da ke gangarawa mafitsara galibi wajen lita ɗaya da rabi ne kawai. In gumi ya kwashe ruwanka, ƙwaƙwalwa sai ta saki wani sinadari da ke sa ƙoda ta riƙe ruwa, fitsari ya yi kaɗan, ya yi kauri. Sha fiya wata akai-akai, za ka ga ya washe.

Amma jini a fitsari, kumfa mai yawa ko kumburin ƙafa ba na wasa ba ne, musamman mai hawan jini ko ciwon suga. Wannan kam ka tafi asibitin Komfo Anokye a gwada, ka bar jiƙe-jiƙen bakin hanya.