Manajan da ke wulaƙanta na ƙasa da shi: daga ina abin yake, kuma mene ne hukuncinsa?

Tambaya: Assalamu alaikum. Allah ya gafarta Malam, shekarata shida ina aiki a wani kamfanin rarraba kaya a nan Kaduna. Manajanmu a da kwano ɗaya muke ci da shi. Tun da aka ƙara masa girma, in ka gaishe shi da gira yake amsawa, yana daka wa dattijon direbanmu tsawa a gaban yara, in kuma aka nuna masa kuskure a lissafi sai ya ce, "Ka san da wa kake magana?" Ga shi kuma ba ya rasa sahun farko. Me ke mai da mutum haka? In mun zauna muna maganarsa, giba muka yi? Ya halatta in kai ƙararsa wurin Allah? Daga wani ɗan'uwa a Rigasa.

Amsa: Wa alaikumus salam. Zan amsa ne a kan abin da ka faɗa, domin ban ji ta bakinsa ba.

Ba kowane ɗaure fuska ne girman kai ba. Manajan da ya hana makara, ko ya ba ka takardar gargaɗi saboda ka bar aiki ka tafi Kasuwar Barci sabgar kanka, amana ya tsare, ko da ranka ya ɓaci. Babbar mota da shadda mai tsada ma ba su ne ba. Muslim ya ruwaito daga Ibn Mas'ud cewa da Annabi (SAW) ya ce wanda ke da ƙwayar zarra ta girman kai a zuciyarsa ba zai shiga Aljanna ba, wani ya ce ai mutum yana son tufarsa da takalminsa su yi kyau. Sai Annabi ya ce Allah mai kyau ne, yana son kyau. Girman kai shi ne ƙin gaskiya da raina mutane. To auna manajanku da waɗannan biyun. An nuna masa kuskure ya ce "ka san da wa kake magana", wannan ƙin gaskiya ne. Ya tozarta sa'an mahaifinsa a gaban yara, wannan raina mutane ne. In haka abin yake, haramun ne, yana cikin manyan zunubai, kuma sahun farko ba ya goge haƙƙin bawa.

Dalilin kuwa Alƙur'ani ya faɗe shi a Suratul Alaƙ, aya ta 6 da ta 7: mutum yana ƙetare iyaka idan ya ga kansa ya wadata. Lura da lafazin, "ya ga kansa". Ba sai ya wadata da gaske ba, ganin kawai ya isa. A Kaduna wannan ganin yana da araha. Tun da masaƙun Kakuri suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya tsakanin 2002 da 2007, dubban magidanta suka rasa abin yi, ga kuma masu digiri da ke fitowa kowace shekara. Manaja ya san in ka ajiye aiki da safe, kafin azahar wani ya kawo takardunsa. Sai Shaiɗan ya raya masa cewa arzikinka a aljihunsa yake. Daga nan ya koma yin maganar Ƙaruna, wanda ya ce an ba shi dukiyar ne saboda ilimin da ke wurinsa.

Akwai kuma wanda tsoro ne ke cin sa, kuma a ganina irin wannan ya fi yawa a ofisoshinmu. Ya hau kujerar da alfarma, ko ya san akwai wanda ya fi shi sanin aikin a ƙarƙashinsa, sai ya mai da tsawa garkuwa don kada a matso a gane. Kai da ka ci kwano ɗaya da shi ka fi kowa tsole masa ido, domin ka san shi tun yana hawa Keke Napep. Wani kuma gado ya yi: haka ogansa ya gasa masa, har ya ɗauka haka ake shugabanci.

Ku ma kuna da kaso, kada in ɓoye maka. Wa ke rige-rigen karɓar jakarsa a bakin ƙofa? Wa ke cewa "gaskiya ne, ranka ya daɗe" kafin ya rufe baki? Abu Dawud da Tirmizi sun ruwaito daga Mu'awiya cewa wanda yake son mutane su riƙa miƙe masa tsaye, ya tanadi mazauninsa a wuta. Girmama shugaba daidai ne, amma fadanci taki ne ga wannan cutar.

A fiƙihu abin da ke tsakaninka da kamfani ijara ce. An sayi lokacinka da aikinka da lada sananne, mutuncinka bai shiga cinikin ba. Shi kansa manajan ɗan ijara ne kamarka, wakilci aka ba shi. Allah ya ce a Suratuz Zukhruf, aya ta 32, ya ɗaukaka wasu a kan wasu ne don su riƙa yi wa juna aiki. Abu Zarr ya taɓa goranta wa wani mutum uwarsa, Annabi (SAW) ya ce masa, "Kai mutum ne da ke da sauran jahiliyya," ya ƙara da cewa masu yi muku hidima 'yan'uwanku ne, kada ku ɗora musu abin da ya fi ƙarfinsu. Wannan fa a kan bayi aka faɗa, ina ga ɗa mai karɓar albashi? Anas ya yi wa Annabi hidima shekara 10 bai taɓa ce masa "tir" ba. Kuma Muslim ya ruwaito daga Nana A'isha addu'ar Annabi da ya kamata ta hana duk mai kujera barci: ya Allah, wanda ya jiɓinci wani abu na al'ummata ya tsananta musu, ka tsananta masa.

Batun giba akwai rabewa. Faɗin abin da ya yi maka ga wanda zai iya gyarawa, ko wanda kake neman shawararsa, ya halatta. Aya ta 148 a Suratun Nisa'i ta ba wanda aka zalunta wannan dama, kuma Hindu bint Utba ta kai ƙarar rowar mijinta Abu Sufyan ga Annabi bai hana ta ba. Amma a zauna teburin mai shayi ana tona asalinsa da tumbinsa da matansa, wannan giba ce, kuma ladanku kuke kwasa kuna ba shi.

Ka fara samunsa shi kaɗai, tunda akwai tsohon zumunci, ka yi masa nasiha ba a gaban kowa ba. In bai ji ba, ku rubuta wa na sama da shi, da rana da abin da ya faru, ba ƙari. In ta kai ga taɓa albashi ko kora ba bisa ƙa'ida ba, akwai ƙungiyar ƙwadago da kotun ma'aikata, zuwa can ba rashin tawakkali ba ne. Abin da ban yarje maka ba shi ne ramuwa da ha'inci, kamar jan ƙafa a aiki ko taɓa kayan sito, domin hadisi ya ce kada ka ha'inci wanda ya ha'ince ka.

Kai ƙara wurin Allah ya halatta gwargwadon zaluncin, ban da 'ya'yansa da iyalinsa, su ba su yi maka komai ba. In ka roƙa masa shiriya ya fi, kuma ya fi kusa da biyan buƙatarka, tunda gobe da safe shi za ka tarar a ofis. Shi kuwa, in wannan amsa ta kai gare shi, istigfari kaɗai bai wadatar ba: sai ya nemi yafewar dattijon nan, kuma ya fi dacewa ya yi hakan a gaban waɗanda ya kunyata shi a gabansu.

Wallahu a'alam.