In raba jarin riɗi in buɗe wa yaro POS?

Wani ɗan kasuwa daga wani ƙauye a ƙasar Gumel ya aiko da tambaya: "Ina sayen riɗi da zoɓo a hannun manoma, ina cin kasuwar Maigatari da ta Gujungu, in ya taru in kai Dawanau. Jarina ya kai naira miliyan ɗaya da rabi. Ɗana ya gama sakandare, ya matsa in ba shi dubu ɗari biyar ya buɗe POS a garinmu, wai shi ne kasuwancin zamani. In ba shi?"

Alhaji, Allah ya ƙara buɗi, ya shirya yaro. Kada ka ba shi dubu ɗari biyar ɗin nan yanzu, amma kada ka kashe masa gwiwa, domin akwai gaskiya a maganarsa.

Mai POS tsabar kuɗi yake sayarwa, ita ce hajarsa. Mutum ya zo cirar dubu goma, yaro ya ƙirga masa takardun kuɗi, kuɗin su faɗa asusu, shi kuma ya karɓi ɗari ko ɗari biyu, kamfanin da ya ba shi na'urar ya yanki nasa a ciki. A ƙauye masu cira sun fi masu ajiya yawa nesa ba kusa ba. Kafin azahar aljihu ya bushe, kuɗi na cikin waya, sai a hau babur zuwa banki a Gumel, a sha mai, a bi layi, a dawo da fargabar hanya. Ga kuɗin data, ga cajin na'ura, ga takardar rasit. Ka sa shi ya zauna kusa da wani mai POS na garinku ranar da ba kasuwa, ya ƙirga mutum nawa suka zo daga safe zuwa magariba. Wannan lissafin ya fi duk abin da zan faɗa masa.

Ribar da samari ke ba da labari ta farkon 2023 ce, bayan da Babban Bankin Najeriya ya sauya fasalin takardun naira 200, 500 da 1,000 a ƙarshen 2022, tsaba ta yi wuya, har ana biyan dubu ɗaya ko fiye kafin a ciri dubu goma. Ƙarancin kuɗi ne ya kawo wannan ribar, kuma ya wuce. Yau duk bakin tasha sai ka ga lemar Moniepoint ko OPay ko PalmPay, kowa na fafutukar riƙe masu zuwa wurinsa.

Abin da ya fi damuna shi ne naka kasuwancin. Da kaka, manomin da ya kawo maka tiya ashirin ta riɗi a bayan keke ba ya son jin zancen taransifa, kuɗinsa yake so a hannu ya shiga kasuwa ya yi cefane. Wato kai ma mai neman tsaba ne, kuma a daidai watannin da masu cira ke yi wa mai POS yawa. In ka raba jarin, kai da ɗanka za ku riƙa jan takardun kuɗi ɗaya, sannan ka rage buhunan da za ka tara a lokacin da kaya suka fi araha.

To amma duba ta ɗaya gefen. Dilan Dawanau ta asusu yake biyanka, sai ka sha wahala kafin ka mayar da kuɗin tsaba. A garinku kuwa akwai mai shagon tireda da mai atamfa da mai sayar da man fetur a galan, waɗanda ke kwana da tsaba suna neman yadda za su tura ta kasuwar Singa ko Kantin Kwari. A nan aikin yaro yake. Ya karɓi tsabarsu, ya tura wa masu ba su kaya daga kuɗin da ke asusunka, ya karɓi ladan aikinsa, kai kuma ka biya manoma da takardun da ya tara. Ba tafiya banki, kuma jarinka bai bar riɗi ba. Wannan ita ce dabarar da nake so ku fara da ita.

Ka ƙara masa da aikin waya. Kafin Alhamis ɗin Maigatari ya jiyo farashin Dawanau daga bakin mutum biyu ko uku, ya tura wa masu saye hoton kaya ta WhatsApp, ya riƙe littafin shiga da fita. Sanin farashi kafin ka taya kaya na iya kawo maka abin da cajin cira na mako guda bai kawo ba.

Akwai sharuɗɗa. Kada buhu ya hau mota saboda an nuna hoton alat ko saƙo ya shigo waya. Sai an buɗe asusu an ga kuɗin sun zauna. Lambar sirri da lambar da banki ke turowa ba a faɗa wa kowa, ko da ya ce daga banki yake kira. Asusun POS ya zama daban da na gida, a kuma yi wa sana'ar rajista da CAC, hukumar rajistar kamfanoni, kamar yadda aka wajabta wa masu POS. Ka ja masa kunne ƙwarai kan manhajojin da ke alƙawarin ninka kuɗi: MMM ta tafi da dukiyar mutane a 2016, CBEX ta maimaita a 2025, kuma yaron da ke riƙe da kuɗin mahaifinsa a waya shi irin waɗannan ke nema.

In kaka ta wuce, ka sayar da kaya, ku zauna ku duba littafinsa. Idan lissafi ya fita daidai har na wata uku, ka ware masa dubu ɗari ya fara ba da cira a ranakun kasuwa, ku rubuta yadda za ku raba riba a gaban shaida.