Amsa ga Hajiya kan farantan Noritake ɗin gwanjo

Assalamu alaikum Hajiya, na ga hotunan setin tangaran ɗin da kika tsinto a gwanjo, kina tambaya ko irin tsofaffin nan ne masu kuɗi. To ki kifa faranti ɗaya ki duba gindinsa, tambarin da ke wajen shi zai gaya miki shekarunsa.

Shi Noritake sunan wani ƙauye ne a gefen Nagoya can Japan, yanzu gari ya haɗiye shi, a nan aka kafa masana'antar a 1904, lokacin sunanta Nippon Toki. 'Yan gidan Morimura ne suka kafa, dama tun 1876 suke fataucin kayan Japan, wa da ƙane ne suka fara, ƙanin ma a New York yake zaune da shago. Kuma fa sun sha wuya, shekara goma suna fama babban faranti na lanƙwashe musu a wuta, sai 1914 suka iya fitar da cikakken seti zuwa Amurka.

To yanzu ki saurara da kyau, in kika ga an rubuta Nippon, wato sunan Japan da harshensu, musamman da harafin M a tsakiyar zagayen ganye, M ɗin Morimura kenan, wannan bai wuce shekarar 1921 ba, da hannu ake masa zanen, da ruwan zinare, shi masu tarawa ke rububi. A 1921 ne Amurka ta ce a daina sa Nippon a koma rubuta Japan. Akwai kuma mai Occupied Japan, na bayan yaƙin duniya na biyu ne har zuwa 1952, shi ma ana nemansa. Sai wani mai furanni ja-ja da ake kira Azalea, kamfanin sabulu na Larkin ne ya riƙa raba shi ga kwastomominsa, ya yi yawa a gidajen Amurkawa shi yasa bai cika tsada ba sai wasu guntayen da ba a yi da yawa ba.

Amma wallahi jabun Nippon ya cika kasuwa, kar wani ɗan gwanjo ya nuna miki rubutu kawai ki zaro kuɗi, na jabun za ki ji shi da kauri da nauyi, zanen ma ba tsafta.

Naki dai hoto na uku Sri Lanka na gani a rubuce, suna da masana'anta a can, na gaske ne amma ɗan zamani ne. Ki ci tuwonki a ciki Hajiya, sai dai mai bakin zinaren kar yara su saka shi a microwave.