Amsa: Shin ciwon shingils ya yawaita ga tsofaffi?

Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Kin ce ƙuraje masu ruwa sun feso wa Hajiya a gefe ɗaya na haƙarƙari, likita ya ce shingils ne, kina tambaya ko tsofaffi sun saba kamuwa da shi. Ƙwarai kuwa. Allah ya ba ta lafiya.

A lissafin CDC, hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka, mutum 1 cikin 3 zai yi wannan ciwo a rayuwarsa, kuma daga shekara 50 abin yake ƙaruwa. Waɗanda suka kai shekara 85, kusan rabinsu sun taɓa yi. Ba sammu ba ne, ba kuma sakacinku ba ne. Ƙwayar cutar ƙarambau ce da mutum ya yi tun yana yaro. Ba ta barin jiki, sai ta laɓe a jijiyoyi, idan garkuwar jiki ta yi rauni saboda tsufa ko wata jinya ta farka. Shi ya sa take bin jijiya ɗaya a gefe ɗaya.

Abin da ya fi damuna shi ne raɗaɗin da kan zauna watanni bayan ƙurajen sun bushe, tsofaffi ya fi addaba. Don Allah kada a ɗauka raki take yi. Magunguna irin su acyclovir sun fi aiki idan aka fara cikin awa 72 da fitowar ƙurajen, kuma idan ƙurajen suka kusanci ido a koma asibiti ranar.

Har su bushe, ku rufe wurin, a nisanta jarirai da masu ciki da ba su taɓa yin ƙarambau ba.